Tsaka mai zanen damisa da matsalar ƙwai: yadda za ka bi da ita a zafin Garwa da Marwa

Masu kiwon tsakar nan mai zanen damisa ba mu da yawa a arewacin Kamaru, daga Ngaundere zuwa Garwa har Marwa da Kusiri ɗaiɗaiku ne, kuma kusan duk wanda ya rasa mace to a lokacin ƙwai ya rasa ta. Abin da ke jawo haka a ganina shi ne mutane na bin bidiyon Turawa a YouTube baki da baki, su kuma can sanyi ne matsalarsu kuma suna da likitan da ya san aikin ƙadangaru, mu nan zafi ne da bushewar hunturu da yankewar wuta, likitocin dabbobinmu kuwa shanu da tumaki da kaji suka fi sani. Don haka aikinka kusan duka kafin ƙwan ya zo yake, in ya riga ya maƙale dabarun da suka rage maka ba su da yawa.

Ita wannan dabbar ba tsakar bangon ɗakinmu ba ce. Asalinta busassun wurare masu duwatsu na Pakistan da Afganistan da arewa maso yammacin Indiya, tana da fatar ido tana rufewa tana buɗewa, ba ta hawa bango mai santsi, kuma kitsenta a bindi take tarawa. Wannan bindin ka riƙe shi a ranka don zan yi ta komawa kansa.

Kafin ka haɗa ta da namiji

Sayi sikeli ƙarami na dijital, irin na masu sayar da zinariya ko na kicin wanda ke nuna giram ɗaya ɗaya. Ka sa ta cikin ƙaramar roba ka auna, ka rubuta a littafi duk sati. Macen da ba ta kai giram 45 zuwa 50 ba, ko ba ta cika shekara guda ba, kar ka kai ta wajen namiji ko da tana nuna alamar ta shirya. Ni har na fi son a bari ta kai shekara da rabi. Ƙwan nata babba ne in ka kwatanta da jikinta, tsawonsa ya kan kai santimita biyu da rabi zuwa uku, guda biyu take ɗauka a lokaci ɗaya, to ƙaramar mace ta ina za su fito? Sannan ba sau ɗaya take yi ta huta ba, barbara ɗaya ta isa ta yi ta saka ƙwai duk bayan sati biyu zuwa huɗu, sau huɗu har sau takwas a kaka guda, saboda tana ajiye maniyyin namijin a jikinta. Wato ranar da ka haɗa su ka ɗaura mata aikin watanni ne, kuma ba ka da hanyar cewa a fasa.

Dubi bindin. Ya kamata kaurinsa ya kai na wuyanta. In siriri ne, ko kashinta na ruwa ruwa ne, ko tana amayar da abinci, a ajiye maganar kiwo tukuna. Akwai wata ƙwayar cutar hanji da ake kira Kiriptosforidiyum mai ramar da su har bindin ya koma ƙashi da fata, tana yaɗuwa ta kashi, kuma ba ta da magani mai warkarwa sarai. Shi ya sa sabuwar da aka kawo maka daga Duwala ko Yawunde ko Najeriya ka ware ta ita kaɗai wata biyu zuwa uku, kwanonta daban, ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa ta. Mai kitse da yawa ma ba ta tsira ba, wadda cikinta ke jan ƙasa har hammatarta ta yi ƙulli ita ma ƙwai na ba ta wuya.

In mai sayarwa ya ce maka irin Enigma ce ko Lemon Frost, kar ka hayayyafa su komai kyan launin. Na farkon na gadar da ciwon jijiya, ka ga suna juyi wuri ɗaya kai a karkace, na biyun kuma yawancinsu ƙari ke fito musu a fata.

Abinci da kalsiyam, nan ne asalin maganar

Ɓawon ƙwan da kalsiyam ake yinsa, naƙudar turo shi waje ma sai da kalsiyam tsoka ke iya matsawa. In babu a abinci jikinta zai zaro daga ƙashinta, daga nan sai ka ga haɓa ta yi laushi ba ta iya kama gyare, ƙafafun gaba sun lanƙwashe, yatsu na karkarwa, tana tafiya tana jan ciki. Wanda ya ga haka ya san an daɗe ana cin bashin ƙashi.

Gyare da fara da tsutsar dusa duka kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, dole sai an ƙara. Ka zuba garin kalsiyam kaɗan a leda ko roba, ka jefa ƙwarin ka girgiza har su yi fari, ka ba ta nan take kafin su kakkaɓe. A lokacin ƙwai kusan duk ciyarwa za ka yi haka. Sannan ka ajiye murfin kwalba cike da garin a cikin akwatinta kullum, za ka gan ta da daddare tana lasa da kanta. In ba ka samu na kanti ba, ɓawon ƙwan kaza ya wadatar, ka tafasa shi, ka cire farar fatar ciki, ka shanya ya bushe ƙarau, ka daka ka tankaɗe da rariya mai laushi sosai. Kar ka ce za ka sa kanwa ko toka ko allin makaranta, ba abu ɗaya ba ne.

Amma ɓawon ƙwai ba shi da bitamin D3, kuma in babu D3 kalsiyam ɗin wucewa kawai yake yi. Wannan sai ka yi oda, garin kalsiyam mai D3 da kuma garin bitamin na dabbobi masu rarrafe wanda ke da bitamin A a ciki, gwangwani ɗaya na daɗewa. Mai D3 sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, in ya yi yawa shi ma illa ne, don haka na cikin murfin kwalbar ya zama zalla mara D3. Na ga masu cewa ai rana muke da ita kyauta, su ɗauki akwatin gilashi su kai tsakar gida. Dan Allah kar ka yi. Gilashi na tare hasken da ke sa jiki ya yi D3 ɗin, zafin kaɗai ke shiga, kuma a ranar Garwa 'yan mintoci sun isa su kashe ta.

Ƙwarin ma a ciyar da su kwana ɗaya ko biyu kafin a ba ta, ganyen zogale, karas, kabewa, 'yar dusa. Tsutsar baƙin ƙudan nan da masu kiwon kaji da kifi suka fara yi tana da kalsiyam fiye da sauran, in akwai mai yi kusa da kai ka riƙe shi. Farar da yara ke kamowa kuwa ka tambayi inda aka kamo, in kusa da gonar auduga ne ko lambun da ake feshi a bar ta. Haka maganin sauro na fesawa da na ƙonawa, kada a kunna a ɗakin da take.

Bayan barbara

Namiji zai kaɗa bindi da sauri, ya kama ta a wuya da baki, wannan al'adarsu ce. In ita ta juyo tana cizonsa da gaske to ba ta shirya ba, raba su ka sake gwadawa bayan kwanaki. In an yi, fitar da shi. Barinsa tare da ita yana hana ta ci da hutu, ba abin da zai ƙara.

Ƙwan farko na zuwa tsakanin kwana 16 zuwa 22. Sa ta cikin roba mai garai garai ka ɗaga ka leƙa ta ƙasa, fatar cikinta siririya ce, da farko za ka ga ɗige ɗige masu launin ja ja a tsakiyar ciki, daga baya su koma farare biyu dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu, sau da yawa ɗaya ya ɗan fi ɗaya hawa sama. Ba sai ka kwantar da ita rigingine kana latsawa ba. Kuma ka sani mace ko ba ta taɓa ganin namiji ba tana iya yin ƙwai mara ɗa, don haka duk abin da nake faɗa ya shafi mai mace ɗaya tilo ma.

Akwatin ƙwai

Da yawa daga cikin maƙalewar ƙwai ba ciwo ba ne, rashin wurin sakawa ne. In ba ta samu ƙasa mai laima da za ta tona ba riƙewa take yi, ta yi ta riƙewa har ƙarfinta ya ƙare. Nemi roba mai murfi wadda za ta iya juyawa a ciki a sake, ka huda ƙofa a murfin ko a gefe ka goge bakin kar ya yanke ta. Zuba ƙasar lambu wadda ba taki ba magani, ko garin ɓawon kwakwa, zurfin santimita 6 zuwa 8. Laimar ita ce, in ka damƙa a hannu ta dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. Dusar katako da yashi zalla ba su yi ba. Ka sa akwatin tun ranar da ka haɗa su, a cikin babban akwatin da take zaune, a tsakiya tsakanin ɓangaren ɗumi da na sanyi.

A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙasar da ka jiƙa da safe kafin la'asar ta koma gari, sai ka riƙa tsoma yatsa safe da yamma kana yayyafa ruwa. Kwanon ruwan sha kada ya bushe, macen da ba ta da ruwa a jiki ƙwai ba ya zamewa.

Zafin da take so a ƙasan ɓangaren ɗumi digiri 31 zuwa 33 ne, ɗaya ɓangaren 24 zuwa 27. A Ngaundere da ke kan tudu, da kuma daren hunturu a Marwa, sai ka sa shimfiɗar ɗumama mai na'urar daidaita zafi, in wuta ta tafi ka naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma ka jingina a jikin akwatin ta waje. Gawayi ko kasko a ɗakin kam a'a. Daga Maris zuwa Mayu labari ya juye, Garwa da Marwa da Injamena na wuce digiri 40, ɗakin kwano ya fi haka. Sauke babban akwatinta ƙasa kan siminti a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kusa da randa, ka rufa jiƙaƙƙen buhu a gefe ɗaya, ka sa fale falen tayil a ciki ta kwanta a kai. In ka gan ta baki a buɗe tana ta neman hawa gefen akwati da rana tsaka zafi ne ya yi mata yawa. Shawarata ga mutanen Garwa da Marwa, ku lissafa barbara yadda yawancin ƙwan zai faɗo cikin damina ba cikin bazara ba. Ma'aunin zafi na dijital mai 'yar igiya ba shi da tsada, hannunka ba ma'auni ba ne.

Yadda za ka gane ƙwai ya maƙale

Kwana biyu ko uku kafin ta saka za ta daina ci, ta yi ta shiga akwatin tana tono tana watso ƙasa waje. Wannan lafiya lau ne muddin idonta a buɗe yake tar, tana tafiya da ƙarfi. Rufe gaban akwatin da zani, hana yara leƙe, kai ma ka daina ɗaga murfi duk bayan awa. Galibi da dare take yi, da safe ka ga ciki ya saɓe ta tara ƙasa a kusurwa ɗaya.

Abin tsoro shi ne ta yi ta tono kwana biyu uku ba komai sannan ta daina tonon gaba ɗaya ta kwanta, ido ya faɗa ko a rufe, tana nishi tana ɗaga bindi ba abin da ke fitowa, ƙafafun baya ba ƙarfi, bindi na ramewa alhali ciki na nan a kumbure. Ko ta saka ɗaya, ɗayan ya wuce kwana biyu bai fito ba. Sabuwar mace kan yi guda ɗaya tak a karon farko, don haka leƙa cikin tukuna ka tabbatar akwai na biyun.

Ƙwan da ya maƙale ƙadangaren bakin tulu ne, in ka matsa ya fashe a ciki ya kashe ta, in ka zuba ido ya ruɓe ya kashe ta. Abin da ke hannunka a gida kaɗan ne amma yana aiki in an fara da wuri. Gyara akwatin ƙwai da zafin wurin. Zuba ruwan ɗumi kamar digiri 30 a roba, zurfinsa kada ya wuce cikinta, ka sa ta minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana kana tsaye a kanta. Dama garin kalsiyam da ruwa ka ɗiga mata a kan hanci ta lashe, kar ka buɗe bakin da ƙarfi ka ɗura. Sai duhu da shiru. Ban da tausa, ban da tura man ja ko man gyaɗa ko tsinken auduga ta baya, ban da farasitamol.

In kwana ɗaya zuwa biyu ya wuce ba canji, ko tun farko ta riga ta galabaita, sai likitan dabbobi. Na san za ka ce wane likita, toh ko wanda bai taɓa riƙe tsaka ba ya fi ka kayan aiki. Je da littafin awonka don maganin da nauyi ake lissafa shi, dabbar giram 50 ce. Ka roƙa a yi mata radiyo, wato hoton cikin jiki, a ga ƙwai nawa ne, ko ɗaya ya yi girma fiye da ƙugu, ko sun manne. Abin da likitocin wannan fanni ke yi shi ne su fara da ruwa da allurar kalsiyam, sannan in hanya a buɗe take su gwada oksitosin, wato allurar naƙuda, in bai yi ba a zuƙe ruwan ƙwan da allura ya saɓe ko a yi tiyata a cire. A Ngaundere akwai makarantar likitancin dabbobi a jami'a, wanda ke kusa ya fara tambaya can. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kantin maganin shanu, oksitosin na nan a kan kanta kowa na iya saye, wani zai ce maka ɗan ɗigo kawai. In ƙwan a toshe yake allurar za ta sa mahaifa ta yi ta matsawa har ta yage, kuma ko a hannun likita ba kullum take aiki a jikin ƙadangaru ba.

Akwai wani nau'in da ya fi wuyar ganewa, ƙwayayen na girma a ciki amma ba su taɓa yin ɓawo ba, su tsaya nan makonni, mace ta daina ci ciki na ƙaruwa ba ta ma tono. Wanka da kalsiyam ba sa taɓa wannan, tiyata ce.

In baya ya fito

Wani lokaci garin yunƙuri jan nama kan leƙo ta duburarta. Maza ma na samun haka bayan barbara. Cire ta daga ƙasa nan take ka sa ta kan jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, wanke wurin da ruwan ɗumi, ka jiƙa sukari sosai a ruwa ka zaunar da ita a ciki minti 15, sukarin na rage kumburi har wani sa'in ya koma da kansa. Kada ya bushe, kada ka tura da yatsa. In bai koma cikin 'yan awoyi ba ko ya fara yin baƙi, a ranar za ka kai ta ba gobe ba.

Bayan ta saka

Fara da uwar kafin ƙwan. Ruwa, sannan abinci mai kalsiyam iya cinta kullum, don sati biyu zuwa huɗu kawai gare ta kafin na gaba. Auna ta washegari. Nauyi zai faɗi, abin dubawa shi ne ko yana dawowa kafin zagaye na gaba. In kowane zagaye tana ƙara ƙasa har ta doshi giram 40, bindi na tsukewa, to bana ta gama da namiji, baɗi ma a bar ta ta huta.

Ƙwan kuma tona a hankali da yatsa, ɓawonsa laushi gare shi ba irin na kaza ba. Yadda ka same shi haka za ka ɗauke shi, sa ɗigo da alƙalami mai laushi a samansa, kar ka juya shi har ya ƙyanƙyashe. In biyun sun manne bar su haka. Binne rabinsa a wata roba mai murfi, cikin bamikulait (wani garin ma'adini mai riƙe laima) da aka haɗa da ruwa nauyi daidai da nauyi, in babu to irin ƙasar akwatin ƙwan. Buɗe murfin sau ɗaya ko biyu a sati iska ta shiga. Bayan kamar sati ka haska tocilan waya a gefensa cikin duhu, mai ɗa zai nuna ja ja da zobe ko jijiyoyi, mara ɗa rawaya ne fayau, daga baya ya saɓe ya yi fumfuna. Kar ka yi saurin zubarwa, sai ya yi wari ka tabbatar baragurbi ne. In ya lotsa amma yana da ja a ciki laima ce ta yi kaɗan, ƙara ruwa a gefen ƙasar ba a kan ƙwan ba.

Zafin da ƙwan ya kwanta a ciki shi ke yanke mace ko namiji. Digiri 26 zuwa 27 mata ne kusan duka kuma yana kai wata biyu ko fiye, 29 zuwa 30 gauraye, 31 zuwa 32 yawanci maza kuma cikin kwana 35 zuwa 45 sun fito. In ya daɗe sama da 34 ana iya samun mutuwa ko 'ya'ya masu naƙasa, a ɗakin Garwa a watan Afrilu kuwa ba sai an kunna komai ba ya wuce haka. Sa robar ƙwan cikin kula ta ƙanƙara tare da kwalabe cike da ruwan randa, ba na firigo ba, ka sa igiyar ma'aunin zafi a ciki, kana canza kwalaben da rana in ya fara hawa. Ruwan na hana zafin tsalle sama da ƙasa. Kiyashi da cinnaka kuma na gama ƙwai a dare ɗaya, ɗora kular kan tebur ka tsoma ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa.

In ɗan ya tsaga ɓawo ya leƙo da kai ya tsaya, ƙyale shi, yana shanye sauran gwaiduwa ne, yana iya kai yini. Kowanne robarsa daban da jiƙaƙƙen tishu a ƙasa da ɗan wurin ɓuya da murfin ruwa. Ba zai ci komai ba sai ya yi saɓar farko bayan kwana uku zuwa sati, sannan ka fara ba shi ƙananan gyare waɗanda ba su fi faɗin tsakanin idanunsa ba, su ma a girgiza su cikin garin kalsiyam.